Aron Kwalekwale

Ni Hantsi Basarke, mai jirgi a bakin Yelwa,
ban yi boko ba, jikata ke rubutawa,
nawa faɗi ne, kamar jefa koma a ruwa.

Ubansa Ciyaman ne, Alhaji Gado mai jar dara,
hotonsa manne har a jikin rumbuna,
in ya yi tari a Yelwa sai an amsa a Shanga.
'Ya'ya mata bakwai, namiji ɗaya, Nomau.
Ya ce ga magajin kujera,
yaro kuwa idonsa na kan ruwa.

Yana ɗan sha biyu ya zo mini, takalmi a hannu:
"Baba, daga ina kogin nan ya taso?"
Na ce daga yamma. Ya ce, "Yamma ina?"
Na ce iyakata Lolo, gaba sai ji-ta-ji-ta.
Ya yi shiru.
Ashe kayan tafiya shirun ke ɗaurewa.

Ran da aka ɗaga hannun uban a filin ƙwallo,
gari duk ya tafi kallo,
na dawo ban tarar da jirgina ba.
Agogon zinariya a ƙarƙashin dutse,
da takarda: "Aro ne, ina dawowa."

Wasiƙa ta zo daga Gaya, wata daga Yamai,
ta uku da tabon laka, ta ce dorina ta kife shi,
ya kwana rungume da reshe, sauro na biki.
Ta Gawo ta zo da gutsuren gishiri a ciki.
Daga nan shekara biyu, ko tari babu,
uwarsa ta rame kamar kara,
uban na hawa mumbari yana murmushi,
dare ya yi ya zo bakin gaɓa yana tambayata ruwa.

Ya dawo baƙi wuluk, haƙarƙari a waje,
da littafi naɗe a leda,
kowane gungu da sunansa, kowane dutse da zurfinsa.
Aka yanka sa, aka ce ga takara.
Ya ci naman, ya gode,
asuba ta yi masa a motar Zariya.
Takardar alfarma da uban ya cusa masa a aljihu,
da ita ya ƙunshe gyaɗa,
ya shiga layin kurata ba wanda ya san ɗan wa.

A Laberiya, inda sama ba ta gajiya da zuba,
an ce ya haye da mutum arba'in cikin dare,
ba inji, don inji ɗan tsegumi ne,
gora kawai, irin riƙon da na koya masa,
sawu shida, harsashi na tsalle kamar ƙawara.
A Sudan ya bar yatsu biyu da kunnen hagu,
can ba kogi, ya ce wannan ya fi raunin ciwo,
ya riƙa mafarkin Kwara yana farkawa.

Kafin ya juyo zaɓe ya kayar da Gado,
awaki suka cinye hotunan,
ciwo ya ƙarasa abin da ƙuri'a ta fara.
Nomau ya iso an riga an share makoki.

'Yan jam'iyya suka zo da manyan riguna:
"Sunan gidanku har yau yana da kasuwa."
Ya juya musu kunnen hagu.

Yanzu kullum hantsi yana tsakiyar tafki,
igiya da dutse, yana auna tsohon gari
wanda ruwan Kainji ya haɗiye tun uban na saurayi.
Jiya igiya ta tsaya a gaba tara,
ya ce, "Nan gidan kakana, nan cibiyar Baba take."
Ya daɗe bai ja ba.

Na miƙa masa agogonsa, ya mutu tun tuni.
Ya ce, "Riƙe, Baba Hantsi,
aron bai ƙare ba tukuna,
ban ga inda kogin ke ƙarewa ba."
Na dubi furfurarsa, na dubi jirgina,
daren nan na kwana a ciki, igiya ɗaure a ƙafata,
don na san irin shirun da yake yi wa ruwa.